Jinjina ga Masu Gadin Shiru na Hamburg

Duniya ta iya yi wa wanda ya kayar da barde kirari, amma ta manta da waɗanda suka kayar da 'yan shekara uku a gaban alƙali. Mutanen unguwannin Marienthal da Othmarschen na birnin Hamburg a ƙasar Jamus, gaishe ku da aiki. Allah ya ƙara wa kunnuwanku lafiya.

Na Marienthal ne suka buɗe fage. A tsakiyar gidajensu akwai gidan renon yara mai suna Marienkäfer, inda ake aikata manyan laifuffuka da rana tsaka: guje-guje a tsakar gida, dariya, waƙa, wani lokaci har da kuka. Raggon maƙwabci da sai ya rufe tagarsa ya yi haƙuri. Waɗannan kuwa maza ne, suka ɗauki lauya, suka nufi kotu, kuma a 2005 hukunci ya fito cewa gidan renon ya kwashe kayansa. Da aka samo wa yaran sabon mazauni, sai ga shi can ma ba a rasa jarumai ba. Ba a zauna lafiya ba sai da aka gina katangar tare ƙara, irin wadda ake yi a bakin babban titi saboda gingimari, tsakanin yaran da mutanen kirki.

Na Othmarschen sun fi iya allonsu, domin ba su tsaya kan ƙara kaɗai ba, takardu suka bi. A 2008 ƙungiyar SterniPark ta mai da wani babban gida na unguwar wurin renon yara. Maƙwabta suka tono tsohon tsarin gine-ginen birnin, wanda tushensa dokar 1938 ce, suka nuna wa kotu cewa yankinsu unguwar zama ce mai kariya ta musamman, gidan reno mai wannan girma bai dace da ita ba. Babbar kotun harkokin mulki ta Hamburg ta ba su gaskiya. Wannan shi ne ilimi mai amfani. Wa ya taɓa tunanin dokar da aka rubuta shekara 70 baya za ta farka ta hana yaro mai koyon tafiya shiga lambu?

Abin da ya fi burge ni shi ne basirar kunnensu. Babbar hanyar A7, wadda ke nutsewa ƙarƙashin kogin Elbe, ta gefen Othmarschen ta bi. Jirgin ƙasa na cikin gari yana da tasha a unguwar. A ƙetaren kogin, a Finkenwerder, kamfanin Airbus yana harhaɗa jirage yana tayar da su. Duk wannan bai kai su kotu a kan gidan nan ba. Cikin rugugin mota da jirgi, kunnen nan ya tace ya gano ainihin maƙiyi, wato muryar yarinya tana kiran ƙawarta.

Kuma kada wani ya yi musu ƙazafi, masu irin wannan ƙara ba su ƙi yara ba. Ko'ina haka suke faɗa: muna son yara, amma ba a layinmu ba. Motocin iyaye za su cika titi da safe, wurin ajiye mota zai yi wuya, darajar gida za ta faɗi. Ina laifin wannan? Uwar da ke da aiki ƙarfe takwas sai ta yi sammako, ta naɗe ɗanta cikin sanyin Janairu, ta ratsa gari zuwa inda ba mai gidan da za a dama. Idan ba ta samu gurbi ba, ta ajiye aikin. Albashinta ne zai tafi, ba barcin ranar kowa ba.

Ga kuma hangen nesa. Tun 1972 babu shekarar da haihuwa ta kai mutuwa yawa a Jamus, kuma fanshon tsofaffi daga albashin masu aiki na yanzu ake cire shi. Yaran da aka kora daga lambu su ne za su biya fanshon masu ƙara, su ne za su ɗaga su daga gado a gidan tsofaffi. Madalla da wanda ya koya musu tun suna cikin zanen goyo yadda ake yi wa marar ƙarfi.

Babbar lambar yabonsu tana cikin kundin doka. Albarkacin irin wannan himma, jihar Berlin a 2010, sannan majalisar tarayya a 2011, suka zauna suka rubuta baƙi da fari cewa hayaniyar yara a gidan reno da filin wasa, a bisa al'ada, ba gurɓata muhalli ba ce. Ƙasa guda sai da ta kaɗa ƙuri'a kafin ta raba dariyar yaro da ƙugin inji. A 2013 aka gyara dokar tsara unguwanni, aka halatta gidajen reno a tsantsar unguwar zama matuƙar mazauna yankin za su yi wa hidima, kuma daga watan Agustan shekarar duk yaron da ya cika shekara ɗaya yana da haƙƙin gurbi.

Amma kada jarumai su karaya. Doka ta ƙwace musu muryar yara, ba ta ƙwace girman gini da yawan motoci ba. Mai labule da agogo da lauya har yanzu yana iya tsayawa bakin taga ƙarfe bakwai da rabi, ya ƙirga iyaye mata ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta lambar motar kowacce.