Asabar Ta Riski Kawu a Tsakiyar Huɗuba

Gyaran waya na so koya, ba agogo ba. To amma duk wanda ya taɓa ratsa Tip Toe Lane a Circle ya san masu gyaran waya a Accra sun kusa fin wayoyin yawa. Sai Mma ta ɗauki goro da kiret ɗin lemo, ta tasa ni a gaba zuwa wajen wani dattijo mai teburin gilashi a bakin kasuwar Nima, wanda yake wannan sana'a tun zamanin Acheampong. Ta ce, "Masta, ga ɗanka. Hannunsa na da kyau, kan ne dai sai a hankali."

Masta bai yi gaggawar gwada hannun ba. Aikina shi ne sayo koko da ƙosai, goge gilashi, da canza batir. Shi kam ko taɓa agogon batir ba ya so. A wurinsa duniya ta soma lalacewa ne a 1969, shekarar da Seiko ya fitar da agogon hannu na quartz na farko, mai aiki da batir. Idan aka kawo masa mai sifirin kuwa, sai ya maƙala madubi a ido ɗaya, ya ɗauki hantsaki, ya manta da ni da kasuwar gaba ɗaya, ko da Laraba ce, ranar da ba ka jin muryar na kusa da kai.

Ni kuma ina leƙe ta kafaɗarsa, kuma a ganina na gama haddacewa. Motsin hannu yana juya wani ƙarfe mai nauyi, ƙarfen ya naɗe babban sifirin, sifirin ya tura faya-fayai masu haƙora, can ƙarshe wani ɗan cokali mai yatsu biyu yana sakin haƙori ɗaya-ɗaya bisa umarnin wani faifai mai kai da komowa. Shi ke nan fa. Me za a shekara uku ana koyo a nan?

Ana haka Mma ta je wani suna a Maamobi ta shelanta cewa ɗanta injiniyan agogo ne. Kafin magariba Kawu ya aiko a kira ni. Kawu ladan ne a wani ƙaramin masallaci hayin babban gata, kuma yana da Seiko 5 da ya sayo a Makka lokacin hajjinsa, irin mai nuna ranaku da Larabci. Ya ce, "Ɗan nan, yana ɗan jinkiri. Duba mini." Na karɓa da hannu biyu, ban ga dalilin damun Masta da ƙaramin aiki ba.

Da dare na shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin karatu na buɗe murfin. A fuskar an rubuta duwatsu 21, har na fara lissafin abin da Kawu ke yawo da shi a hannu, sai na tuna Masta ya ce yaƙutun masana'anta ne, duka ashirin da ɗayan ba za su sayi waakye da ƙwai ba. Akwai ƙa'idar da ya kan faɗa, cewa a sauke ƙarfin babban sifirin kafin a cire cokali mai yatsu. Lokacin da yake faɗa ina wajen mai koko. Ina ɗaga cokalin sai na ji fiiir! Faya-fayan suka zuba gudu, hannun sakan ya yi ta kewaye har idona ya kasa binsa, sannan komai ya yi tsit.

Na ce ba komai, na juya wajen fuska. Akwai wani ɗan zobe da ke danne faifan ranaku. Na sa bakin sukundireba a ƙarƙashinsa, ya yi tsalle, na ji ƙararsa a jikin kwanon rufi, a daidai lokacin kuma aka ɗauke wuta. Duk unguwa ta yi ihun dumso, nawa ihun ya fi na kowa.

Gidanmu na haya ne, ba a ɓoye komai. Cikin minti kaɗan mutum bakwai na rarrafe a ɗakina da fitilar waya, ciki har da wata tsohuwa da ba ta san abin da ake nema ba amma ta rantse ta gan shi jiya. Ƙanwata ce ta kawo dabara: ta ciro mayen ƙarfe daga tsohuwar sifika ta bi ƙasa da shi. Ya kamo allura biyu, ƙusa, fil, da zoben. Aka yi kabbara. Na ajiye mayen ƙarfen a kan tebur, dab da agogon, don kada ya ɓata.

Washegari Alhamis na mayar da komai. Na ɗiga man keken ɗinkin Mma a duk inda na ga rami, da hannu sake, ba irin rowar Masta ba da ke taɓawa da bakin allura. Sukuru ɗaya ya rage, wanda na ɗauka kamfanin ne ya saka shi don ado. Na dasa hannuwa a kan sha biyu, na girgiza, sai ga shi yana bugawa. Agogon Kawu bugu shida yake yi a sakan, 21,600 a awa. Nawa ya fi haka kuzari, na kuma ɗauki hakan a matsayin ci gaba. Bayan la'asar na kai masa, ya sa mini albarka doguwa.

Asubahin Juma'a Kawu ya kira salla dare na nan daram. Ladanin masallacin baya, wanda bai taɓa yarda a riga shi ba, ya karɓa nan take. Mutane suka fito da buta suna lalube, liman ya zo yana duban waya yana duban Kawu. Da gari ya waye Kawu ya zo gida da kansa. Ya ce, "Gudu yake yi, kuma har yanzu Alhamis yake cewa." Na ja kan agogon, na mayar da lokaci baya, na juya ranar zuwa Juma'a. Na kuma tunatar da shi cewa layin Greenwich ta Tema ya ratsa, duniya da lokacinmu take saiti, saboda haka in an samu saɓani a fara tuhumar wayar liman. Bai yi dariya ba.

Ya sa farar babbar riga ya hau trotro zuwa babban masallacin ƙasa na Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021. Ana tsakiyar huɗuba ya saci kallon hannunsa, ya ga Juma'a tana zamewa, Asabar na lekowa. Kafin a tada iƙama ta zauna sosai. Ya ce ya yi sallar ne zuciyarsa na tambayar ko ta halatta.

Masta ya saurari labarin bai ce uffan ba. Ya kawo ɗan kamfas kusa da agogon, allurar ta karkata. Mayen ƙarfe da man keke sun manne siririn sifirin da ke juya faifai mai kai da komowa, ya gajarce, shi ya sa yake sauri. Hannuwan kuma na dasa su ban jira ranar ta juya ba, sai tsakar rana ta zama masa tsakar dare. Ya miƙo tafin hannu ya ce, "Kawo sukurun." Ban gaya masa akwai wani sukuru ba.

Ya wanke, ya gyara, ya mayar da ni layin koko. Ina tsaye a layin ne ladanin masallacin baya ya dafa ni, ya ja ni gefe, ya zaro agogo daga aljihu. Ya rage murya ya ce, "Ɗan nan, irin na kawunka za ka yi mini. Amma minti biyar ya isa."