Asabar Ɗin da Na Zama Bakanike

Da damina ƙarar ta fara. Duk ramin da na faɗa sai gaban motar ya ce ƙwas, in na taka birki kuma sitiyari ya karkata kamar jakin da ya hango dusa. Corolla ce 'yar 2005, 'yar Kwatano, ta sha titin Turawa kafin ta zo ta sha namu. Bakanikena ya ɗaga ta da jek, ya zura ƙarfe ya girgiza hannun da ke riƙe da taya, wanda suke kira lowa'am, ya ce, "Malam, bushin ya mutu. Ko a sauya hannun gaba ɗaya, ko a kai wa masu injin matsa su fitar da tsoho su danna sabo." Ya faɗi kuɗi, na ce zan yi shawara. Da wayata na yi shawarar, inda na ga wani Bature a YouTube ya gama aikin cikin minti 12, ko gumi bai yi ba.

Shi bushin ba wani abu ba ne illa roba da aka manne tsakanin zobban ƙarfe biyu, tana shanye girgiza a inda hannun ya haɗu da jikin mota. Da gangan ake yin zoben waje ya ɗan fi raminsa kauri, don ya kama kam. Wannan "ɗan" shi ya cinye min Asabar da Lahadi.

Na sayo sababbi a Ƙofar Ruwa, na dawo ina taƙama. Baturen ya ce a sa su cikin firiza, sanyi yana sa ƙarfe ya tsuke. Gaskiya ya faɗa, sai dai a garinsu ba a ɗauke wuta. Na cusa su tsakanin gorunan zoɓon da uwargida ke sayarwa, ina buɗewa ina dubawa kamar mai gadin ƙwai. Bayan awa uku suka fito da ɗuminsu, suna ƙamshin citta, zoɓon kuma ya bi su ya yi ɗumi.

Cire tsohon na fara da guduma. Ashe roba ba ta cin bashin duka, nan take take biya. Gudumar ta yi tsalle ta sauka kan babban yatsana, na faɗi wasu kalmomi da suka sa yara suka leƙo ta taga. Sai na koma dabara ta biyu, na ɗora bakin hannun kan kurfoti don robar ta ƙone. Wani baƙin hayaƙi ya turnuƙe layinmu. Maƙwabcina ya faɗo gidan da bokiti yana salati, ya same ni tsugune ina fifita gawayi.

"Malam, lafiya?"

"Gyaran mota nake."

Ya dubi kurfoti, ya dube ni, ya tafi da ruwansa.

Roba ta ƙone, amma zoben waje na nan daram, tsatsa ta ɗaura masa aure da hannun. Sai da na aro zarto wurin mai walda na yanka shi daga ciki, na ɗan haɗa da naman hannun. Shigar da sabon kuwa, da dogon bol da noti da washa na ja shi. Ya shiga a karkace, na daidaita shi da guduma, ya karkace ta ɗaya gefen. Ana kiran Magariba ranar Lahadi ya zauna, ko in ce ya gaji da ni.

Abu biyu Baturen ya faɗa a lokacin da nake tsallake bidiyon. Babban bushin na baya yana da tsaga a jikin robarsa, kuma akwai gefen da dole ta fuskanta. Ni inda ya ga dama na bar shi ya kalla. Na gaba kuma ba a ɗaure bol ɗinsa tamau sai an sauke mota nauyinta ya hau taya. Na ɗaure shi tana kan jek taya na lilo, da na sauke sai robar ta zauna a murɗe, kamar wanda aka tilasta wa kwana yana waiwaye.

Kwana goma motar ta yi shiru, har na fara ba abokan aiki shawara kan gyaran mota. Rana ta sha ɗaya ƙwas ya dawo, ya taho da ƙaninsa ƙiii.

Da na mai da motar wurin bakanike, ya leƙa ƙasa ya daɗe bai ce komai ba. Sai ya kira yaransa: "Ku zo ku ga ikon Allah." Ya nuna musu tabon zarto, da fentin da wuta ta cinye, ya ce yanzu kam sai sabon hannu, sannan a kai ta alaimen.

"Malam, wane azzalumin ne ya yi maka wannan aiki?"

Na ɓoye yatsan cikin aljihu, na ce wani ne can hanyar Zariya.

"Don Allah kada ka sake komawa wurinsa."

Uwargida, da na ɗauko za mu wuce kasuwa, ta leƙo ta gilashi ta ce, "Ai da wuya, Oga. Ina bin sa kuɗin zoɓo gora ashirin."