Zuwa ga Injiniyan Birki na Zazzau

Malam Bazazzagi, bawan Kanawa, an ce ka kwance birkin tsohon Jincheng ɗinka da hannunka. Alhamdu lillahi! Ashe dai kuɗin silifa ya ishe ka. Shekara da shekaru da ƙafa kake tsayar da babur, ka fara jan ƙasa tun daga Kwangila kana "a kauce, a kauce", ba za ka tsaya ba sai PZ. Masu gyaran takalmin Sabon Gari kam za su yi kewarka.

Babur ɗin ma ai namu ne. Da aka hana acaɓa a Kano a 2013 wani ya rasa inda zai kai shi, kai kuwa ka ji araha ka taho a guje. Ba gori nake maka ba, tuni ne kawai.

Na san halinku, mutanen birnin ilimi: mutum ya gifta ta ƙofar jami'a a Samaru, shi ke nan ya zama injiniya. To Injiniya, me ya kai giris kan fatar birki? Wai ka ji yana ƙugi, sai ka ce ƙishirwa yake ji. Haba! Birkin nan ba tsafi ba ne. Takalma biyu ne masu fata a cikin kwanon taya. In ka taka, wani ɗan ƙarfe ya juya ya buɗa su, su matse jikin kwanon, taya ta tsaya. Gugar nan ita ce aikin gaba ɗaya, kai kuma ka je ka shafe ta da maiƙo. Ɗan ƙarfen da ke juyawa shi ke son giris, shi ma ɗan dangwale. Fatar da ta sha mai kuwa ta gama yawo, ko ka wanke ta da fetur, tana ɗaukar zafi man zai sake tsatsowa. Sabuwa za ka saya.

Na ce saya, na san gabanka ya faɗi. Yi haƙuri, sha ruwa.

Sifirin da ya yi tsalle ya faɗa kwata, kada ka maye shi da robar tsohon tib, na ji kana shawarar haka. Ƙurar cikin kwanon kuma daina hure ta da baki kamar mai hura wutar shayi, akwai tsofaffin fatun da aka yi da asbesto mai lalata huhu. Sa tsumma mai danshi. Notin birkin baya kada ka ɗaure shi tamau: ɗaga tayar ka juya ta da hannu, in tana kamawa ka sassauta.

Sai birkin gaba, wanda ka bar wayarsa ta yi tsatsa wai shi ke kayar da mutum. In ana tsayawa nauyi gaba yake komawa, don haka shi ya fi kama babur. A hankali ake matsa shi, damƙa ce ke kayarwa. Canza wayar.

Amma fa na yaba, wallahi. Bazazzagin da ya gane sifana lamba goma ba tare da ya buɗe littafi ba ya cancanci tukuici.

In ka gama ɗaurawa, ka kai wa bakanike ya duba, ka gwada a fili inda ba yara ba awaki. Ka biya shi kuɗinsa, ban da "Allah ya saka". Sannan ka zo Kano ka gai da iyayen gidanka, amma ni dai ba zan hau bayanka ba.