Malaman Alƙaluma na Gidan Kallo

A da, mai ƙarfin murya ne ke cin gardamar ƙwallo a Masama. Yanzu sai mai alƙaluma, kuma tun da ƙirƙirarriyar basira ta shigo wayoyi, kowane benci na gidan kallo ya samu malaminsa.

Mafi sauƙin sha'ani shi ne yaron allo. Zai ɗauki alli ya rubuta "Man da Chelsea, 4:30" ya tafi sayo fetur ɗin janareta. Wace Man, United ko City? Agogon Ingila ko namu? Ka biya kuɗin shiga ka gane wa idonka.

Sai dattijon da ke da littafin rubutu mai bango ja, wanda ya fara cika shi tun zamanin rediyo. Ya san Rashidi Yekini ya ci wa Najeriya ƙwallo 37, kuma daga nan ya rufe lissafi. Ka ambaci Osimhen, ya ce, "Ɗana, wanga yaro bai shiga littahi ba tukuna."

Amma gwanina, wanda nake addu'ar a raba mu benci kuma nake kewarsa ranar da bai zo ba, shi ne Malam Na'ura-ta-ce. Ba ya kallon wasa. Ana bugun fenariti, shi kansa na sunkuye yana tambayar waya. Cajinsa kullum kashi huɗu ne, don haka wurin zamansa gindin soket, kuma ya cire cajar wani ba tare da kunya ba. Wata rana ya miƙe ya sanar cewa Messi ya ci 91 a kaka guda. Wani ya ce 73. Na uku ya rantse 50 ne. Aka yi ta kai ruwa rana har mai gidan ya rage sautin talabijin don ya ji ƙarshen zance. Abin dariyar, dukkansu da gaskiyarsu: 91 na shekarar 2012 ne daga Janairu zuwa Disamba har da na Ajantina, 73 na kakar 2011/12 ne a Barcelona, 50 kuwa na La Liga ne kaɗai. Ka yi masa wannan bayani, sai ya ɗaga wayar har saitin hancinka: "Yaya, kai ka fi na'ura sani?" Haka ya yi da Haaland. Ya ci 36 a Firimiya a 2022/23, ya wuce 34 na Andy Cole da Alan Shearer, shi ke nan wai tun da aka halicci ƙwallo ba a taɓa yi ba. Ka ce masa Firimiya a 1992 aka fara ta, kuma Dixie Dean ya ci wa Everton 60 a 1927/28, ya ce wannan tatsuniyar Turawa ce. Idan data ta ƙare masa, shiru yake yi har a tashi, abin tausayi.

Akwai kuma mai xG, wato lissafin ƙwallayen da ya kamata a ce an ci, wanda ƙungiyarsa ba ta taɓa shan kashi ba, sai dai rashin sa'a. A bar shi da Allah.

Duk waɗannan ina yafe musu. Wanda ke ɓata min rai da gaske shi ne ɗan boko mai haɗa manhaja. Wani ƙanenmu ya haɗa wadda za ta riƙa miƙa wa ƙirƙirarriyar basira bayanan ƙwallo, ya kawo min takardar bayaninta in duba. Layi uku ce. Babu inda ta faɗi gasar da ta ƙunsa, ko "2023" na nufin kakar da ta ƙare ko wadda ta fara, ko sau nawa ake sabunta teburi. Na tambaye shi, ya ce, "Yaya, ai a bayyane yake." A bayyane ga wa? In mutum ya ga abin da bai gane ba, zai taɓa na kusa da shi ya tambaya. Na'ura takardar nan kaɗai take da ita, kamar baƙon da aka ba kwatance ya hau hanyar Kalgo da dare, inda aka bar giɓi sai ta cike da hasashe, ta faɗa babu ko ɗar.

Na ce ya tambaye ta ƙwallayen Ahmed Musa a Kano Pillars. Ta ce sifili. Ahmed Musa da ya ci 18 a kakar 2009/10 ya fi kowa a gasar Najeriya! Ashe manhajar ba ta da bayanan gasarmu ko ɗaya, kuma maimakon ta ce "babu bayani" sai ta rubuta 0. Jimla ɗaya a takardar za ta hana wannan ƙarya, amma ya tsaya zaɓar launin tambari. Gobe wannan sifilin zai faɗa wayar Malam Na'ura-ta-ce, ya miƙe gaban jama'a ya karanta shi.

Saura mu masu tantancewa, masu jan biro. Mukan buɗe da tambayar da muka riga muka san amsarta. Tawa ita ce wasa nawa Arsenal ta jera ba a doke ta ba a Firimiya daga 2003 zuwa 2004. Manhajar ta ce 49, na ƙara wa yaron maki biyu.