Bazazzage da Ƙatuwar Kafireto

Bawana na birnin Zazzau, kada ka fara rantse-rantse, labarin ya riga ka zuwa Kano. An ce a-kori-kurar nan taka, tsohuwar Hilux mai injin 22R, ba ta iya kai rake daga Maƙarfi zuwa Kwangila sai an tsaya a hanya an kwance fulogi an goge da gefen riga. Wai kuma kana bin majalisa kana cewa fulogin zamani ne ba su da auki. Fulogi ba su yi maka komai ba, malam. Kai ka zalunce su.

Da aka sauke injin aka faɗaɗa silinda, ba wanda ya ce uffan. Sai son girma irin naku ya motsa, ka cire kafireton Aisan da motar ta zo da ita, ka sa aka ƙera mazauni, ka ɗora mai maƙogwaro huɗu da aka ciro daga injin Amurka mai silinda takwas. Ku dai ba kwa ganin babban abu ku wuce, tun daga rawani har kayan mota.

Tunda kuna taƙama da jami'a, zo mu yi lissafi. Injinka silinda huɗu ne, cc 2,366 daga kamfani. Ana auna kafireto da yawan iskar da ke ratsa ta a minti ɗaya. Ko ka taka shi yana juyi 5,500, abin da zai iya zuƙa bai fi 230 ba a wannan ma'auni. Wadda ka ɗora 600 ce. Ka ɗauki ludayin gidan biki kana ɗura wa ɗan yaye fate, sannan kana mamakin ya ƙware.

Gudun iska a matsattsen maƙogwaro shi ke janyo fetur ya tarwatsa shi ya zama feshi. Idan maƙogwaron ya yi faɗi, iskar sai ta yi sanyin jiki, fetur ya zubo a dunƙule, kana taka totur mota ta shaƙe. Bakanikenka da ya ga haka sai ya ƙara girman jet, ya bar ka da baƙin hayaƙi. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ke lallaɓa lita, kai kuwa kana turare wa mutanen Samaru hanya da ita.

Yanzu kwance fulogin nan huɗu ka jera su yadda suke a injin. Amma ka fara zabga gudu a titi tukuna, ka kashe motar nan take. Kada ka duba su bayan ka bar mota a kunne kana gaisuwar nan taku da ba ta ƙarewa, don tsayuwa kaɗai tana baƙanta fulogi. In duk huɗun sun yi baƙi, busasshe, mai kama hannu, fetur ne ya rinjayi iska. Duba ko cok ya maƙale, ko fulot yana barin mai ya tumbatsa, ko ƙurar hunturu ta toshe matatar iska. In baƙin jiƙaƙƙe ne mai maiƙo, salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, to baƙin mai ne ke haurowa ta ringi ko ta robar bawul, kafireto ba ruwanta. In ɗaya ne tak ya lalace, bi wayarsa da silindarsa. Lafiyayye ruwan ƙasa yake. Wanda ya yi fari fat shi ne abin tsoro, mai ya yi kaɗan, zafi na shirin huda fistan.

Na ji ma an ba ka shawarar sa fulogi mai zafi, wato NGK mai ƙaramar lamba. Zai ƙone toka ya rufa maka asiri na ɗan lokaci, fetur kuwa yana nan yana wanke bangon silinda yana tsinka baƙin mai.

Ka mayar da Aisan ɗinka. In girman kai ya hana, nemi Weber 32/36, wadda maƙogwaronta na biyu ba ya buɗewa sai ka taka sosai, ka haɗa mata abin rage matsin mai, don ba ta son ya wuce kamar psi 3. Taho Ƙofar Ruwa nan Kano in raka ka, ubangida ba ya ƙin bawansa. Amma ka hau motar haya, ba ni da igiyar da zan janyo ka daga Kwanar Dangora.