Risala Kan Ilimin Matsaya, Wato Sanin Inda Ake Tsayawa a Ɗauki Hoto a Dandalin Finafinai

Muƙaddima

Ka sani, ya kai mai neman sani, cewa ɗaukar hoto a dandalin shaƙatawa na finafinai fanni ne mai zaman kansa, kuma jahiltarsa ta jawo wa iyalai da dama asarar kuɗin jirgi. Mutum zai sha wahalar biza, ya ƙetare teku, ya sauka Orlando ta jihar Fulorida a Amurka, ya yanki tikitin Universal Studios, ya wuni yana yawo har ƙafafunsa su kumbura, sannan ya koma gida da waya cike da hotunan da babu ko ɗaya da zai iya tura wa surukai. A wannan babu rabin kansa. A wancan kwandon shara ya fi shi fitowa. A na gaba kuwa wani baƙo mai gajeren wando ne yake yagar cinyar talotalo daidai saman kafaɗarsa. Domin magance wannan musiba aka tsara wannan risala, a taƙaice, cikin fasali shida.

Fasali na farko: asalin fannin

A shekarar 1915 Carl Laemmle ya buɗe Universal City kusa da Los Angeles, ya bar jama'a su biya kwabo 25 na kuɗin Amurka su zauna a kan benci su kalli yadda ake shirya fim. A lokacin fim ba ya magana, don haka 'yan kallo suna iya ihu son ransu. Da fim ya samu murya sai aka sallame su, ba a sake gayyatarsu sosai ba sai 1964, lokacin da aka fara zagayawa da baƙi a cikin motoci masu taragai. Reshen Fulorida ya buɗe a 1990. Abin lura shi ne, a zamanin farko baƙo yana biya ne ya zauna a bayan kyamara ya kalli masu wasa. A zamaninmu yana biya ya tsaya a gabanta, shi ne jarumi, shi ne darakta, matarsa ce hukumar tace finafinai.

Kamfanin Kodak ya ba fannin gudummawa babba. Ya daɗe yana kafa alluna a dandalin Disney masu nuna wa baƙo cewa nan ne wurin hoto, saboda duk ɗauka ɗaya cinikin fim ɗin kyamara ne a gare shi. A 2012 kamfanin ya shiga kotu neman kariya daga masu binsa bashi, sunansa ya bar allunan. Ɗalibi kada ya damu da rashin allo, domin akwai alamar da ta fi shi inganci, kuma ita ce ƙa'ida ta farko: duk inda ka ga layi wanda ba ya kaiwa ga wata ƙofa, to layin hoto ne. Shiga kawai.

Fasali na biyu: gini mai fuska ɗaya

Masu gina irin wannan dandali 'yan fim ne kafin su zama magina, kuma ɗan fim ba ya gina abin da kyamara ba za ta gani ba. Ɗauki misalin fadar Hogwarts ta finafinan Harry Potter, wadda aka buɗe a 2010 a ɓangaren Islands of Adventure. Daga ƙasa za ka rantse hasumiyoyinta suna gogayya da gajimare. Dabarar ita ce, ana ƙanƙanta tagogi da duwatsu gwargwadon yadda ginin yake yin sama, ido kuma ya ga ƙanƙanta ya fassara ta da nisa. A bayan dutsen da fadar take kai akwai wani makeken gini mai siffar sito, shi ne yake ɗauke da injinan wasan. Aikinsu bai bambanta da labulen mai hoton unguwa ba, wanda aka zana wa bene da furanni da jirgin sama: ka tsaya inda ya ce, ka zama mai gida, ka gusa taku biyu, bokitin wanki ya shigo.

Masana sun haɗu a kan cewa gadar da ta haɗa yankin Jurassic Park da ƙauyen Hogsmeade na Harry Potter ita ce matsayar da fadar take fitowa cikakkiya. Sun kuma haɗu a kan cewa kowa ya san haka.

Akwai mas'alar dusar ƙanƙara. Rufin gidajen Hogsmeade fari ne fat da ƙanƙarar da ba ta narkewa, alhali garin Orlando a watan Yuli yana dafa mutum da ransa. Hoton da aka ga ƙanƙara a sama da gumi a goshi hoto ne mai ƙaryata kansa. Hukuncinsa: a share fuska, a ɓoye mafici da gorar ruwa, a haɗe kafaɗu alamar jin sanyi. Waɗanda suka zurfafa a fannin sukan sayi baƙar alkyabbar ɗaliban makarantar Hogwarts da rawanin wuya na ulu su sa a wannan zafi. Ana girmama su, ana kuma tsayawa kusa da su da ruwa.

Fasali na uku: abubuwa masu motsi

A bakin ƙofar dandalin akwai ƙatuwar ƙwallon duniya mai juyawa a hankali, sunan Universal yana zagaye da ita. Tun da sunan yana juyawa tare da ita, lokacin da yake fuskantar mai hoto gajere ne. A nan masana suka kasu uku. Kashi na farko suka ce a tsaya da murmushi a fuska har sunan ya zagayo, ko da kumatu za su ƙage. Kashi na biyu suka ce a danne maɓalli a yi ta ɗauka babu ƙaƙƙautawa, a zaɓa daga baya. Kashi na uku suka ce rabin suna ya wadatar, mai hankali zai cike sauran. Magana mafi rinjaye ita ce ta biyu, sai dai tana cinye wurin ajiya a waya. Masana tattalin arziki sun ƙara da cewa ƙwallon tana wajen shingen karɓar tikiti. Mai wannan risala ya ambaci haka ne don cikar ilimi, bai ba kowa shawarar komai ba.

Sai dodon da yake zaune a saman bankin Gringotts a lungun Diagon Alley na Harry Potter, wanda aka buɗe a 2014. Yana furzar da wuta ta gaske lokaci zuwa lokaci, har mutum yana jin hucinta a fuska. Kafin ya furzar yakan yi gurnani, kuma da jin gurnanin sai ka ga lungun gaba ɗaya ya tsaya cak, hannuwa sun tashi sama da wayoyi. Wanda yake son ya fito tare da wutar dole ya juya mata baya ya kalli kyamara. Saboda haka cikakken mai nasara a wannan matsaya shi ne wanda ya zo daga wata nahiya, ya jira, wutar ta tashi, bai gan ta ba, amma yana da shaidar cewa yana wurin.

Haka lamarin yake a tashar jirgin ƙasa ta dandalin, inda ake shigewa cikin bango kamar yadda ake yi a fim. Dabarar gilashi ce: na baya a layi suna ganin ka ratsa bulo ka ɓace, kai kuwa lungu kawai ka bi. Mu'ujizar taka ce, amma a idon wasu take faruwa, don haka sai ka bar wayarka a hannun na baya.

Fasali na huɗu: rana da fata

Da tsakar rana haske yana saukowa daga tsakar ka, ya bar ramukan idanu cikin duhu, ya sa ango ya yi kama da wanda ake bi bashi. Hasken safe da na la'asar sakaliya su ne abin nema. Hausawa sun ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri. Wasu ɗalibai sun yi zaton karin maganar ta faɗi a nan, tun da tikitin tsallake layi da ake sayarwa ba ya aiki a layin hoto, sammako ne kaɗai yake ba mutum titi babu jama'a. Sai bincike ya nuna cewa masu kwana a otal-otal na kamfanin ana buɗe musu ƙofa kafin kowa. Karin maganar tana nan daram.

Ga mai baƙar fata akwai ƙarin sharaɗi. Waya tana auna haske ne da abin da ya fi yawa a gabanta. Idan bayanka sararin sama ne mai ƙyalli, kuma kana sanye da farar shadda, to za ta gyara wa sama da shadda, ta bar fuskarka a matsayin inuwa mai haƙora. Magani: rana ta kasance a gabanka ko a gefenka, mai ɗauka kuma ya taɓa fuskarka a allon waya kafin ya danna.

Daga Yuni zuwa Satumba hadari yakan haɗu da rana tsaka ya zubar da ruwa da tsawa. Jahili yana gudu gida. Masani yana fakewa a shagon tsaraba, ya fito bayan an ɗauke, ya samu jama'a sun ragu, ƙasa tana sheƙi.

Fasali na biyar: kifi da fuska

Fim ɗin Jaws na Steven Spielberg ya fito a 1975, ya sa mutane tsoron shiga teku. A dandalin Fulorida an yi masa wasan kwalekwale, aka rufe shi a farkon 2012, aka rushe wurin don a gina lungun dodon da ya gabata. Amma kifin shak ɗin roba da aka rataye ta wutsiya, baki buɗe, don a riƙa cusa kai ana hoto, shi ba a yar da shi ba. Daga nan masana suka ciro ƙa'ida ta biyu: ana iya rushe abin da aka zo gani, ba a rushe inda ake tsayawa a nuna an zo.

An yi saɓani kan fuskar da ta dace da wanda kansa yake cikin bakin kifi. Wasu sun ce razana, don girmama fim ɗin. Wasu sun ce murmushi, don kada hankalin tsohuwa ya tashi a gida. Dattawa masu kamala suna da nasu tafarkin: su tsaya nesa da kifin kaɗan, hannu a baya, fuska a ɗaure, irin ta hoton fasfo. Duka ukun sun inganta.

Hoto ɗaya ne ba a zaɓar masa fuska. A lilon dogo na VelociCoaster, wanda ya fara aiki a 2021, ana sa mutum ya ajiye wayarsa a akwatin ajiya ya bi ta na'urar binciken ƙarfe. Kyamarar kamfanin ce take ɗaukarsa a tsakiyar gudu, lokacin da kumatu suka koma wajen kunnuwa kuma yake kiran sunan mahaifiyarsa. Shi ne hoto mafi gaskiya a duk dandalin, shi ya sa ake sayar wa mai shi.

Fasali na shida: mai ɗauka

Kowane iyali suna da mutum ɗaya wanda ba ya fitowa a hotunan tafiya, kuma galibi shi ne ya biya kuɗinta. Ana gane shi da durƙuso a tsakiyar titi, da jakunkuna uku a wuya, da kalmomin da suke zuwa masa daga gaba: "Baban yara, ka ja baya, ba ka ɗauko takalmin ba." "Baba, sake, Yaya ta rufe ido." Idan ya matsu ya shiga, sai a nemi baƙo. Sharaɗin baƙon da ake miƙa wa waya biyu ne: ya kasance ya rataya kyamara, alamar ya san aiki, kuma yana tura keken jariri, alamar ba zai iya gudu ba. Idan aka buɗe faffaɗan idon kyamara don kowa ya samu shiga, a sani cewa yana jan abin da yake gefe, don haka ba a ajiye suruka a ƙarshen sahu.

Kammalawa

Miliyoyin mutane suke shiga wannan dandali a kowace shekara, kusan kowannensu da kyamara a aljihu. Lissafi mai sauƙi ya nuna cewa a duk hoto ɗaya da ka tsaya aka ɗauke ka da saninka, ka faɗa cikin wasu masu yawa ba da saninka ba, kana hamma, ko kana ƙirga canji, ko kana yi wa yaro tsawa. Waɗannan hotuna yanzu haka suna wayoyi da falukan mutane a Burazil da Japan da Ingila, kuma babu wanda zai tambaye ka kafin ya buga su. Saboda haka ƙa'ida ta ƙarshe, wadda ta shafe duk na baya: dandalin gaba ɗayansa matsaya ce, kuma mafi yawan aikinka a cikinsa shi ne cike bayan hoton wani. Ka gyara hularka tun daga wurin ajiye motoci, ka tsaya a miƙe, kuma in har cinyar talotalo ta zama dole, ka ci ta kana fuskantar bango.