Wasiƙa Daga Oslo Zuwa Ga Taubashina Bakanike

Oslo, ƙasar Norwe,
tsakiyar hunturu.

Zuwa ga taubashina, sarkin sifana na Ƙofar Ruwa,

Ina fatan kana lafiya, da iyali, da yaran gareji waɗanda suke shiga ƙarƙashin mota kai kuma kana kan benci kana ƙirga kuɗi. Idan ka tambaye mu, muna nan kalau, sai dai sanyin da yake sa mutum ya tsaya gaban famfo yana shawara da zuciyarsa kafin alwalar asuba.

Saƙonka na murya ya iso, na kuma saurare shi har ƙarshe duk da tsawonsa. Ka ce labari ya zo maka cewa na sayi mota marar inji, ka yi dariya har da tari, sannan ka ce in turo maka ɗaya ka farke cikinta ka ga abin da Turawa suka ɓoye. To gyara zama, ka kori yaran nan daga kusa da kai, don abin da zan faɗa ya shafi tuwonka.

Da ka ɗaga bonet ɗin motar nan, abin da za ka tarar ɗan akwati ne da aka naɗe wayar caji a ciki, sai tankin ruwan wanke gilashi. Babu fulogi, babu fambel, babu kuloci, babu salansa, ballantana kafiretar da kake busawa da baki ka ce wa mai mota ka yi mata babban aiki. Juye kuwa ba a san shi ba, tunda babu baƙin man da za a zubar. Na san sana'arka rabinta kunne ne: mota ta shigo, ka ce "kunna mu ji," ka karkata kai, ka yanke farashi. Wannan ko an kunna ta ba za ka ji komai ba. Shirunta ya yi yawa har sai da hukumomin Turai suka wajabta, tun daga watan Yulin 2021, cewa kowace sabuwa ta riƙa fitar da wani ɗan sauti idan tana tafiya ƙasa da kilomita 20 a awa, saboda makafi da masu tafiya a ƙasa. Su nan doka ce take sa mota ta yi ƙara, mu can ko doka ba ta hana ta.

Ƙarfinta duk yana cikin batir, shi kuma yana shimfiɗe a ƙarƙashin kujeru, nauyinsa ya tasam ma kilo 400. Ana auna cikinsa da kilowat-awa, wato yunit ɗin nan da kake saya a mita kana ƙorafi. Tawa tana ɗaukar wajen yunit 60, tana kuma cin tsakanin 15 zuwa 20 a kowace kilomita 100, gwargwadon nauyin ƙafar direba da yanayin gari. Ka ga ke nan idan an cika ta a Kano za ta kai Kaduna da sauran canji, amma Abuja sai an tsaya a hanya.

Yanzu ga inda za ka sha mamaki. Turawan nan da suka saba da gidan mai suna shan wahalar koyon zama da motar lantarki. Sun saba sai allura ta kwanta su je su cika tanki cikin minti biyar. Ita kuwa wannan ba ta son a bari ta galabaita. Abin da take so shi ne duk inda aka ajiye ta, idan akwai wuta, a jona ta ta ɗan sha. Maƙwabcina, wani dattijo mai kirki, ya zaunar da ni yana yi mini bayanin wannan falsafa a hankali: kada ka jira sai ta ƙare, ka riƙa lissafin yunit, ka kashe abin da ba ka buƙata. Na bar shi ya gama saboda girmansa. Ina zai san cewa yana koya wa ɗan kada iyo ne? Mu da muka tashi a gidan da idan yara suka yi ihun an kawo wuta, kowa sai ya zabura da waya da tocila da fanka mai caji ana rige-rigen soket? Horon da masu ɗauke mana wuta suka yi mana shekara da shekaru, ashe makarantar tuƙin motar lantarki ce, ba su dai ba mu takardar shaida ba.

Cajin iri uku ne. Akwai soket ɗin bango na gida, mai ba da kilowat 2 da 'yan kai. Da shi sai ka kwana ka wuni ba ta cika ba, kuma ba a son a mai da shi na kullum don kada waya ta yi zafi. Akwai akwatin caji da ake kafawa a gareji, mai kilowat 7 ko 11. Shi ne abincinta na yau da gobe: in na dawo daga aiki na jona, kafin gari ya waye ta ƙoshi. Da yake farashin wuta a nan yana hawa da sauka daga awa zuwa awa, na saita ta ta jira sai tsakar dare lokacin da ya faɗi. Mota ce mai sahur, ta fi wasu da na sani.

Na uku shi ne cajin gaggawa na bakin hanya, mai kilowat 50 ko 150, wasu har 350. Wayarsa ta kai kaurin hannun yaro, kanta kuma yana da nauyi, in ka tura shi sai ka ji ƙas, ya kulle. Daga nan injin ya fara gunji a hankali, lambobi suna gudu a allo. Cikin kusan rabin awa batir ya tashi daga kashi 10 zuwa 80 cikin ɗari. Amma daga 80 ɗin nan sai abin ya koma tafiyar hawainiya. Ka tuna masallacin Juma'a: wanda ya zo da hantsi yana shiga ya zauna inda ya ga dama, amma idan liman ya kusa hawa mumbari, kowane mutum ɗaya sai an matsa, an gyara, an tattara riga kafin ya samu wurin sa goshi. Haka cikin batir yake idan ya kusa cika, kuma in aka tura masa wuta da ƙarfi a lokacin, lalacewa zai yi. Shi ya sa mai hankali yake cirewa a 80 ya kama hanya. Wanda ya zauna jiran 100 alhali akwai layi a bayansa, ba za a zage shi ba, don mutanen nan ba sa zagi. Kallonsa kawai za su yi ta gilashi, kallon da gara a zage ka.

Rabin awar nan ba ta dame ni ba. Kafin in yi alwala, in yi sallah a gefen mota, in sha shayi, ta gama. Su kuma Turawan suna can ciki suna cin wani dogon nama a burodi wanda ban tambayi asalinsa ba, ban kuma kusance shi ba. Abin da ya dame ni shi ne biyan kuɗi. Kamfanonin caji suna da yawa, kowanne da manhajarsa, kowace manhaja tana son sunanka da lambar katinka da kalmar sirri mai babban baƙi da ƙaramin baƙi. Ka tsaya cikin dusar ƙanƙara, ka cire safar hannu don waya ba ta jin yatsa sai tsirara, yatsun suna ƙandarewa, manhaja tana juyawa tana cewa ka jira. A irin wannan lokaci nakan tuna 'yan bumburutu da alheri: galan, mazurari, kuɗi hannu, kowa ya kama gabansa. An dai fara sanya wurin dangwala katin banki a sababbin injuna, Allah ya sa su dore.

Sai hunturu, babban abokin gabarta. Injin fetur yawancin man da yake sha zafi yake zama, shi ya sa hita a motarka kyauta ce. A nan kuwa duk ɗumin da ya taɓa ƙafarka daga batir aka yanko shi, ga shi kuma shi kansa batir sanyi yana sa shi nawa. Ƙungiyar masu motoci ta ƙasar, NAF, tana da wani gwaji da take yi a hunturu: a cika motoci taf, a fita da su daga Oslo a nufi duwatsun arewa, a yi ta tafiya har kowace ta mutu a bakin hanya. A gwajin 2020, in aka haɗa aka raba, sun rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na nisan da aka rubuta musu. Dabarar ita ce ka ɗumama motar tun tana jone da bango, daga cikin ɗaki, ta waya, ka kuma dogara da ɗumin kujera da na sitiyari don sun fi hita tattali. Uwargida ba ta yarda da wannan lissafi ba. In ta miƙa hannu za ta ƙara hita, sai in ce ga kilomita 10 can sun tafi, ita kuma ta ce to su gaida na gaba.

Akwai abu ɗaya da zai burge ka duk taurin kanka. Idan ka ɗaga ƙafa daga totur, abin da yake juya tayoyin sai ya rikiɗe ya zama janareta, ya riƙe motar, ya mai da wuta cikin batir. Akwai wani tudu a saman Oslo da ake kira Holmenkollen, inda suke tsalle a kan ƙanƙara da katako a ƙafa. In na gangaro daga can zuwa cikin gari, ƙafata ba ta cika taɓa birki ba, kuma ina kallon nisan da ya rage mini yana ƙaruwa. Kai da kake kashe inji a gangara don tsimin mai, faɗa mini ranar da ka taɓa ganin allura ta ɗaga.

Kada ka ɗauka son muhalli kaɗai ya sa mutanen nan suka rungume ta. Lissafi ne. Gwamnati ta cire mata harajin saye na kashi 25 cikin ɗari tun 2001, sai a 2023 aka dawo da shi a kan abin da ya haura kurona 500,000. Fetur kuwa lita kan haura kurona 20. Wutarsu kusan kashi 90 cikin ɗari daga madatsun ruwa take. Shi ya sa a 2024, cikin kowace sabuwar mota 10 da aka sayar, kusan 9 na lantarki ne, ana gane su da lambar da ta fara da E. Asalin abin ma da rigima ya fara. A 1989 mawaƙin nan Morten Harket na ƙungiyar a-ha da ɗan rajin kare muhalli Frederic Hauge suka shigo da wata 'yar Fiat Panda da aka mayar ta lantarki. Suka riƙa wuce tolget ba sa biya, a ci su tara su ƙi, a ƙwace motar a yi gwanjonta, a sake sayo ta, su koma ruwa. Zuwa 1997 aka yafe wa motocin lantarki kuɗin tolget, ko da yake yanzu an dawo da wani kaso. Da a wajenmu ne, da motar tana nan bayan ofis ba taya, kaji suna ƙwai a kujerar baya.

Abin haushin, su ma masu man fetur ne. Mun riga su ma: namu ya fito a Oloibiri a 1956, nasu sai 1969 a cikin teku. Suna haƙowa su sayar wa duniya, su zuba kuɗin a asusu, su kuma su hau motar da ruwan sama yake turawa. Mai tuwo ya sayar da tuwonsa ya sha fura.

Batun in turo maka ɗaya, tsaya mu yi gaskiya. Na san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa yake neman mafita. Amma da me za ka ciyar da ita? Ƙaramin janaretanka bai kai kilowat 1 ba, ita kuma ba ta ko buɗe baki ga abin da ya gaza amfiya 6, wato wajen kilowat 1.4. In ka sayi babba, ka koma sayen fetur don ka caja motar da ka saya don gudun fetur, unguwa ta samu abin dariya na shekara. Abin da kuke da shi wanda mu ba mu da shi rana ce. A nan cikin Disamba da kyar take yin awa 6 a sama, ita ma a kasalance. A Kano faifan sola 10 masu wat 400 za su iya tara maka kusan abin tafiyar kilomita 100 a wuni. Ka fara da rufin gareji, mota ta biyo baya. Kuma in ta zo, a inuwa za ta riƙa kwana, don zafi mai tsanani yana tsofar da batir.

Kada ka sayar da sifanunka tukuna. Nauyinta yana cin taya, yana gajiyar da shokozoba. Birkinta kan yi tsatsa saboda rashin aiki. Tana kuma da ƙaramin batir mai bolt 12 irin wanda ka sani, in ya mutu duk girman babban ba za ta motsa ba. Sai dai ka tura yaro ɗaya mai kai ya koyi wayarin da kwamfuta tun yanzu. Kuma duk ranar da Allah ya kawo irinta garejinka, ka ga waya mai ruwan lemo, ka janye hannunka. Wutar da take ciki ta kai bolt 400, ba irin wadda kake gwadawa da harshe ba ce.

Ka gaida Inna da Kawu, ka ce musu ina nan ina addu'a. Ka gaida amarya, ka ba ta haƙurin zama da kai. Idan an samu mai tahowa, a haɗo ni da kuka da daddawa da yaji, a ɗaure da kyau don kada karnukan filin jirgi su suma. Kuɗin shararka na bana kuwa na tura wa Inna. In kana da ƙarfin halin kallon idonta ka tambaya, bismilla.

Wassalam.

Naka har kullum,
Ubangidanka na Oslo.